Gidan da ƙasa ta taɓa ruftawa a ƙarƙashinsa: a saya ko a bari?

Gida shi ne abu mafi tsada da magidanci yake saye a rayuwarsa. Wani sai ya yi shekara ashirin yana tari kafin kuɗinsa su kai. Wanda ya sayi riga ta yage, yana iya sake wata. Wanda ya sayi jaki ya mutu, sai ya yi haƙuri ya nemi wani. Amma wanda ya sayi gida ya rushe, wahalar shekara ashirin ce ta tafi, wataƙila har da rai.

Wani lokaci dillali yakan kai mai saye wani gida mai kyau. Bango sumul, daɓe sabo, ƙofofi suna rufuwa daidai. Kuɗinsa kuma bai kai na gidajen maƙwabta ba. Idan mai saye ya tambayi dalilin wannan araha, sai a ce masa: «Ƙasa ta taɓa ruftawa a ƙarƙashin gidan, amma an gyara.»

To, a saya ko a bari? Kafin a amsa, sai an san abu uku: abin da ya kawo ramin, yadda aka gyara shi, da wanda zai ɗauki hasara idan ramin ya dawo.

1. Inda aka fi yin wannan tambaya

Jihar Fulorida tana kudu maso gabashin ƙasar Amurka. Teku ya kewaye ta ta gefe uku. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai zafi. Ruwan saman da take samu a shekara ya fi ninki biyu na wanda ake samu a Maraɗi. A ƙarƙashin rairayinta akwai dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Malbaza, cikin jihar Tawa, ana yin siminti da shi.

A cikin watan Mayu na shekarar 1981, an yi fari a Fulorida. Wata rana da maraice, a garin Winter Park, wata mata ta ga wani itace na ƙofar gidanta yana nutsewa cikin ƙasa. Kafin washegari ta ƙare, rami ya haɗiye gidanta, da motoci biyar, da wani sashe na hanya, da wani sashe na wurin ninƙayar garin. Faɗin ramin ya kai wajen metir 100, zurfinsa kusan metir 30. Babu wanda ya mutu. Daga baya ruwa ya cika ramin, ya zama tabki a tsakiyar gari.

Irin wannan babban rami ba kullum yake faruwa ba. Abin da ya fi yawa shi ne ƙasa ta riƙa lotsawa a hankali, bango ya tsage, daɓe ya karkace. Daga 2006 zuwa 2010, masu gidaje sama da dubu 24 a Fulorida suka nemi diyyar irin wannan ɓarna. Wajen kashi biyu cikin uku sun fito daga gundumomi uku na kewayen birnin Tampa, wato Hernando, da Pasco, da Hillsborough. An gyara da yawa daga cikin waɗannan gidaje, kuma ana sa su a kasuwa kamar sauran. Shi ya sa masu neman gida a wannan yanki suke yawan cin karo da wannan tambaya.

2. Yadda ramin yake samuwa

Dutsen farar ƙasa ya samu daga ɓawon ƙananan halittun teku da suka mutu suka taru a ƙasan ruwa, miliyoyin shekaru da suka wuce. Na Malbaza ma haka ya samu, don teku ya taɓa rufe wannan yanki. Dutsen yana da tauri, amma yana da rauni guda: abu mai tsami yana cinsa.

Ruwan sama yana ɗaukar iskar kabon, wato irin iskar da mutum yake fitarwa idan ya numfasa. Yana ɗaukar ta daga sararin sama, ya kuma ƙara ɗauka daga ruɓaɓɓen ganye na cikin ƙasa. Wannan iska tana sa ruwan ya yi ɗan tsami wanda harshe ba ya ji. Ruwan sai ya bi tsagar dutse yana cinta kaɗan-kaɗan. Cikin dubban shekaru, tsaga ta zama hanya, hanya ta zama kogo.

A bisa dutsen akwai ƙasar da mutane suke gini a kanta. Wannan ƙasa tana zurarewa cikin kogon, kamar yadda gero yake zurarewa daga buhun da ɓera ya huda ta ƙasa. Mai duban buhun daga sama yana ganinsa cike, alhali yana raguwa.

Idan ƙasar rairayi ce, tana zurarewa a hankali. Sai wurin ya riƙa lotsawa kamar cikin akushi. Mai gida yana ganin alama da wuri, yana da lokacin neman magani.

Idan kuwa yumɓu ce, haɗarin ya fi girma. Yumɓu tana da danƙo, ba ta zurarewa nan da nan. Sai ta riƙa gutsurewa daga ƙasa, ta bar wani fili a ciki kamar tukunyar da aka kife. Wannan fili yana hawowa sama shekara da shekaru, ba wanda ya sani. Ranar da rufinsa ya yi siriri, ya kasa ɗaukar nauyi, sai ya rufta gaba ɗaya cikin ƴan mintoci.

3. Abin da yake tada rami

Kogon yana iya shekara dubu bai motsa ba. Yawanci ruwa ne yake tada shi.

Ruwan da ke cikin kogo yana tallafar ƙasar da ke bisansa. Idan ruwan ya ja baya, ƙasar ta rasa mai tallafa mata. Fari yana kawo haka. Idan kuma ruwan sama mai yawa ya sauka bayan fari, ƙasar sama ta jiƙe ta yi nauyi, ga shi babu abin da ya tare ta daga ƙasa.

Mutane ma suna tada rami da hannunsu. A cikin watan Janairu na 2010, an yi sanyi mai tsanani a yankin Plant City, gabas da Tampa. Manoman wurin suna noman wani ɗan marmari ja mai suna sitiroberi. Idan sanyi ya yi yawa, sukan fesa wa shukar ruwa duk dare don kada ta mutu. A wannan shekara sun yi kwana 11 suna jan ruwa da injuna. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya sauka da wajen metir 18 a wasu wurare. Rijiyoyi sama da 750 suka ƙafe ko suka lalace, ramuka wajen 140 suka buɗe.

Bututun ruwan da ya fashe cikin ƙasa, da kwatar da ke yoyo, da indararon da ke zuba a gindin bango, duk suna wanke ƙasa suna tura ta cikin kogo.

4. Yadda ake gyara

Kafin a gyara, sai an bincika. Injiniya yana auna daɓen gida ya ga inda ya karkace. Yana jan wata na'ura bisa ƙasa, wadda take nuna inda ƙasa ta yi sako-sako. Sa'an nan ya huda ƙananan ramuka kewayen gidan har ya kai dutse. Yana buga bututu cikin ƙasa da guduma, yana ƙidaya bugun. Inda ƙasa take da ƙarfi, sai an yi bugu da yawa. Inda bututun ya nutse da kansa ba tare da bugu ba, nan ne ɓarnar take.

Gyaran kansa iri uku ne.

Na farko shi ne cikewa. Idan ramin a buɗe yake, ana fara jera manyan duwatsu a gindinsa. A bisansu a zuba ƙanana, sai tsakuwa, sai rairayi, a rufe da yumɓu. Ta haka ruwa yana wucewa, amma ƙasa ba ta binsa. Wanda ya zuba ƙasa kawai ya baje ta, ya yi kamar mai ƙara gero a buhun da ɓera ya huda. Buhun zai cika yau, gobe ya sake raguwa.

Na biyu shi ne ɗura siminti. Ana kafa bututai kewayen gidan har su kai dutse. Inji yana tura kwaɓaɓɓen siminti da rairayi da ƙarfi. Simintin yana toshe bakin kogo, yana kuma matse ƙasar da ta yi sako-sako. Gida ɗaya yana iya shanye motocin siminti da yawa.

Na uku shi ne turakun ƙarfe. Ana kafa su a ƙarƙashin harsashin gini har su taka dutse mai ƙarfi. Sai nauyin bango ya koma bisansu.

Aikin siminti daban, aikin turaku daban. Siminti yana gyara ƙasa. Turaku suna riƙe bango, amma ba su hana ƙasa tafiya. Shi ya sa injiniyoyi sukan ce a haɗa biyun a wasu gidaje. Aikin yana da tsada ƙwarai. Wani lokaci kuɗinsa yakan kusa kuɗin gidan kansa. Saboda haka wasu masu gida sukan zaɓi mai araha, su bar wanda ya dace.

5. Ramuka biyu da suka dawo

A daren 28 ga watan Fabrairu na 2013, a garin Seffner kusa da Tampa, ƙasa ta rufta a ƙarƙashin ɗakin da wani mutum yake barci. Ɗan'uwansa ya ji ihunsa, ya faɗa ramin don ya cece shi, bai same shi ba. Ɗan sanda ne ya jawo ɗan'uwan. Ba a taɓa samun gawar mutumin ba. Hukuma ta rushe gidan da na maƙwabta biyu, ta cika ramin da tsakuwa, ta kewaye wurin da shinge. A cikin watan Agusta na 2015, ramin ya sake buɗewa. Aka sake cika shi. A cikin watan Yuli na 2023, ya buɗe karo na uku. Ba wanda ya ji rauni a waɗannan karo biyu, domin hukuma ba ta bari an sake gini a wurin ba.

Ranar 14 ga watan Yuli na 2017, da safe, wani rami ya buɗe a garin Land O' Lakes, cikin gundumar Pasco. Ya haɗiye gidaje biyu. Faɗinsa ya wuce metir 60, zurfinsa wajen metir 15. Hukuma ta hana zama a wasu gidajen da ke kusa. Babu wanda ya mutu. Da aka duba takardun hukuma, sai aka ga ƴan shekaru kafin nan an taɓa yi wa gidan da ya fara faɗawa gyaran ruftawar ƙasa, aka tokare shi da turakun ƙarfe. Turakun ba su cece shi ba.

Waɗannan labarai biyu ba su nuna cewa duk gidan da aka gyara zai rufta ba. Dubban iyalai suna zaune lafiya cikin gidajen da aka gyara. Mutuwa a irin wannan rami abu ne da ba safai yake faruwa ba. Har ma akwai masu cewa gidan da aka gyara ya fi na maƙwabcinsa aminci. Hujjarsu ita ce, an huda ƙasar wannan an san abin da ke ciki, na maƙwabci kuwa yana bisa dutse iri ɗaya, amma ba wanda ya taɓa dubawa. Maganarsu tana da gaskiya idan gyaran ya cika. Sai dai babu mai ganin cikin ƙasa da ido. Siminti yana bin hanyar da ya samu. Injiniyan kirki yana iya cewa haɗari ya ragu ƙwarai, amma ba zai rantse cewa ya ƙare ba.

6. Abin da mai saye yake dubawa

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Ga abin da mai hankali yake nema kafin ya ba da kuɗinsa.

Yana neman takardar binciken farko. A cikinta injiniya ya rubuta abin da ya gani da irin gyaran da ya ce a yi.

Yana neman takardar kammala aiki. Sai ya aza takardun biyu kusa da juna. Idan ta farko ta ce siminti da turaku, ta biyu ta ce turaku kawai, to, rabin gyara aka yi.

Yana tambaya ko an kashe kuɗin diyya duka a kan gyaran. A da, wasu masu gida a Fulorida sukan karɓi diyya su yi wata hidima da ita, su shafe tsagar bango, su sayar da gidan. A shekarar 2011 aka tsananta doka don hana haka. Doka kuma ta tilasta wa mai sayarwa ya faɗa wa mai saye cewa an biya shi diyya, ya kuma faɗi ko ya kashe ta duka wajen gyara.

Yana tambaya yaushe aka yi gyaran. Gidan da ya ga damana goma bayan gyara bai motsa ba, ya fi wanda aka gyara bara ba da tabbaci.

Yana kawo injiniyansa, wanda shi ya biya shi. Na mai sayarwa, mai sayarwa yake yi wa aiki.

Yana duba gidan da idonsa. Alamomin motsin ƙasa su ne: tsagar bango mai hawa kamar matakala, ƙofa ko tagar da ta daina rufuwa, daɓen da ya karkace, itace ko turken shinge da ya sunkuya, ruwan da yake kwanciya inda da ba ya kwanciya, da ruwan rijiyar da ya gurɓace ba dalili. Sabon shafe a bango ɗaya kaɗai shi ma abin tambaya ne.

Yana zagaya maƙwabta. Kogo bai san iyakar fili ba. Ana iya gyara ƙarƙashin gida ɗaya, ramin ya ɓullo daga na kusa.

7. Lissafin kuɗi

Inshora wata yarjejeniya ce: mutum yana biyan kamfani kuɗi kaɗan kowace shekara, idan ɓarna ta same shi kamfanin ya biya shi diyya. Masu motoci sun san ta. A Amurka gidaje ma ana yi musu.

A Fulorida, inshorar kowane gida tana biyan diyya idan ƙasa ta rufta farat ɗaya har hukuma ta hana zama a gidan. Amma ɓarnar da take zuwa a hankali, kamar tsagar bango, sai an ƙara biyan wani kuɗi daban. Kamfani yana iya ƙin karɓar gidan da ya taɓa samun rami, ko ya tsawwala kuɗi. Yawancin mutanen can da bashin banki suke sayen gida, banki kuwa ba ya ba da bashi a kan gidan da ba shi da inshora. Saboda haka mai hankali yana zuwa wurin kamfanin inshora da banki kafin ya biya, ba bayan ya biya ba.

Akwai kuma ranar sayarwa. Wanda ya sayi gidan da rangwame yau, shi ma sai ya yi rangwame gobe, domin sunan rami ba ya barin gida. Masu saye za su yi kaɗan, cinikin zai daɗe. Rangwamen da ya samu ba kyauta ba ce. Ladan haɗarin da ya ɗauka ne.

8. Ramukan da mutane suka haƙa

Ba duk rami ne ruwa yake ci ba. Wani mutane ne suka haƙa shi, suka rufe, suka manta.

An gina birnin Paris na ƙasar Faransa da dutsen da aka haƙo daga ƙarƙashinsa. Da birnin ya faɗaɗa, sai aka yi gidaje bisa tsofaffin mahaƙai. A shekarar 1774 wata hanya ta rufta da gidajenta. A 1777 sarki ya kafa ma'aikata ta musamman don ta bi waɗannan ramuka, ta zana taswirarsu, ta tokare su. Mai son sayen gida a Paris yana iya tambayar wannan ma'aikata abin da ke ƙarƙashin filin.

A garuruwan Hausa ma akwai ramukan da mutane suka haƙa. Na farko shi ne kududdufi, inda aka ɗebi ƙasar gini. Idan gari ya cika, sai a riƙa zuba shara a ciki har ya cike, a baje ƙasa a sama, a yanka fili. Shara tana ruɓewa, tana raguwa. Ginin da ke bisanta yana binta. Na biyu shi ne tsohuwar rijiya. Na uku shi ne tsohon masai, wanda aka rufe bakinsa da itace da ƙasa. Gara tana cin itacen, wata rana da damana ya rufta.

Waɗannan ramuka sun fi na Fulorida sauƙi ta wani gefe: suna da gindi, kuma ana iya sanin iyakarsu. Maginin kirki yana kwashe sharar duka har ya kai ƙasa mai tauri. Sa'an nan ya zuba marmara kaɗan, ya yayyafa ruwa, ya daɓe, ya sake zubawa, ya sake daɓewa, har ramin ya cika. Yana bari damana ɗaya ko biyu ta wuce kafin ya yi gini. Ba ya aza bango rabi bisa ciko rabi bisa ƙasa ta asali, domin a nan ne bango yake darewa. Tsohuwar rijiya kuwa ana cika ta da duwatsu da rairayi, a rufe ta da siminti mai ƙarfe a ciki, wanda faɗinsa ya fi bakin rijiyar.

Inda babu takardar injiniya, tsofaffin unguwa su ne takarda. Sun san inda kududdufi yake lokacin ƙuruciyarsu. Mai saye yana gaida mai unguwa ya tambaye shi. Yana neman maginin da ya yi gyaran ya ji daga bakinsa. Yana zuwa ganin gidan cikin watan Agusta, washegarin ruwa mai yawa, ba da rani ba. Idan ya ga tsaga a bango, sai ya shafa mata ɗan siminti siriri, ya rubuta ranar a gefe. Idan simintin ya tsage bayan ƴan makonni, ginin yana motsi har yanzu.

Shi ma mai sayarwa akwai haƙƙi a kansa. A shari'ar ciniki ta Musulunci, ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye yana da ikon mayar da kayan idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Ya kamata a faɗi maganar ramin a gaban shaidu, a kuma rubuta ta cikin takardar ciniki.

9. A saya ko a bari?

Ana iya sayen gidan idan an san abin da ya kawo ramin, an toshe hanyar da ƙasa take bi, akwai takardu ko shaidun da suka tabbatar da haka, shekaru sun wuce ginin bai motsa ba, kuma rangwamen ya kai girman haɗarin.

Ana barin gidan idan mai sayarwa ya ce takardu sun ɓata, ko ya hana a kawo mai dubawa, ko yana gaggawar a biya. Ana barinsa idan bakin ramin kawai aka rufe. Ana barinsa idan sabuwar tsaga ta fito bayan gyara. Wanda ya biya a irin wannan hali, cinikin biri a sama ya yi.

Akwai kuma abin da ya shafi mai sayen kansa. Attajiri mai gidaje biyar, idan ɗaya ya rufta, huɗu sun rage masa. Wanda ya tara guminsa na shekara ashirin, zai kwana a ciki da matarsa da ƴaƴansa, ba shi da na biyu. Gida ɗaya ne, farashi ɗaya ne, amma nauyin haɗarin ba ɗaya ba ne a kansu. Irin wannan magidanci, idan ya yi shakka, gara ya nemi ƙaramin gida bisa ƙasa mai ƙarfi. Wanda kuwa ya bincika ya saya, to, ya riƙa kula: ya janye indararo daga gindin bango, ya gyara bututun da ke yoyo, ya duba bangonsa bayan kowace damana. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Tambayoyi

1. Wane irin dutse ne yake ƙarƙashin jihar Fulorida? A ina ake haƙa irinsa a Nijar?
2. Yaya ruwan sama yake cin dutse?
3. Don me ramin da ke ƙarƙashin yumɓu ya fi na ƙarƙashin rairayi haɗari?
4. Me ya sa ramuka suka buɗe a yankin Plant City a 2010?
5. Mene ne bambancin aikin siminti da aikin turakun ƙarfe?
6. Sau nawa ramin Seffner ya buɗe? A waɗanne shekaru?
7. A faɗi alamomi huɗu na motsin ƙasa a gida.
8. Don me ya fi kyau a je ganin gida da damana?

Lissafi

Gidajen wata unguwa suna kai miliyan 8 na sefa. An sa wani gida mai tsohon rami miliyan 6. Magini ya ce sake gyaran zai ci miliyan 2 da rabi. Nawa ne kuɗin gidan duka? Ya fi na maƙwabta araha ko tsada? Da nawa?

Gwaji

a) A sa ɓawon ƙwai cikin ƙaramin kofi, a matsa masa ruwan lemon tsami. A duba kumfar da take fita. A bar shi ya kwana, a sake dubawa. Ɓawon ƙwai da dutsen farar ƙasa sinadarinsu ɗaya ne.

b) A sami gwangwani, a huda gindinsa da ƙusa. A jera dunƙulen sukari huɗu bisa hujin, a rufe su da rairayi, a aza kwalin ashana a sama a matsayin gida. A riƙa yayyafa ruwa a hankali. A rubuta abin da ya sami kwalin. Sa'an nan a ƙara rairayi a inda ya lotsa, a sake yayyafa ruwa. Shin ƙarin rairayi ya hana lotsawa?

c) Kowane ɗalibi ya tambayi wani tsoho na unguwarsu inda kududdufi ko tsohuwar rijiya take a da. Me aka gina a wurin? A zana taswirar unguwar a nuna wuraren.